Duwatsun Bayan Ɗa'ifa

Ranar biyu ga ƙaramar Sallah Hajiya Zainabu ta aiko min da abaya a cikin leda, sabuwa dal, har da niƙabinta. Ɗanta Yaya Suhaibu da kansa ya hawo da ita har saman dutsenmu na Nakkasa, yana haki yana dariya.

Wata takwas ke nan tun da ya gaya mata ni yake so ya aura. Wata takwas tana cewa sai dai in bayan ranta. Su 'yan ƙasa ne, tun zamanin kakansu aka ba su takardar Saudiyya, gidansu yana Aziziyya, unguwar masu hali. Mu kuwa, ni da Innata Hure, ko igama, takardar izinin zama, ba mu da ita. A Makka aka haife ni, amma babu wata takarda da ta san da zamana. Lalle nake yi wa mata, shi ma a wajen yi wa ƙanwarsa Nuriyya lalle ya fara ganina.

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Inna.

"Inna, albishirinki."

"Goro, ɗana."

"Ummi ta sauko. Ta ce gobe za mu fita shan iska can bayan Ɗa'ifa, kuma lallai a zo mata da Larai. Tana so su zauna su fahimci juna."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin ledar. Inna kuwa ba ta yi murmushi ba. Shekara biyu rabonta da sauka daga dutsen nan saboda kumburin ƙafa. Ni ce mai ɗebo mata ruwa, ni ce mai kasuwarta, ni ce mai juya ta idan bayanta ya gaji.

"Ɗa'ifa?" in ji ta. "Ɗana, ka manta da shingen hanya? Yarinyar nan ko Jidda ba ta taɓa zuwa ba. Bara a kan idona aka kwashe 'ya'yan maƙwabciyarmu aka yi musu tarhil, aka fitar da su daga ƙasar, har yau uwarsu ba ta sake ganinsu ba."

"Inna, fita ba a tambayar kowa. A dawowa ne ake duba takarda, kuma Ummi ta riga ta tsara komai. Katin iyalinmu sunan mata biyu ne a ciki, ita da Nuriyya, babu hoto. Nuriyya ba za ta bi mu ba. Larai za ta sa niƙabi ta zauna a gurbinta. Mata biyu a kati, mata biyu a mota. Wa zai ce a ɗaga fuska?"

Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Ita ta ce haka da bakinta?"

"Wallahi ita ta kawo dabarar ma, ba ni ba."

Inna ta juyo wajena. Ta ga fuskata. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, Allah ya kai ku lafiya ya dawo min da ita."

Da sassafe na sauko. A gindin matakalarmu akwai shagon Yari mai gyaran firji, ɗan Maraɗi ne, yana da igamarsa. Sau biyu yana turo manya wajen Inna neman aurena, sau biyu ina cewa a ba shi haƙuri. Yana ɗaga ƙofar shagon ya gan ni, ya gane tafiyata duk da niƙabin.

"A'a, Larai, yau kuma abayar Aziziyya aka ɗauko? A dai riƙa tattare ƙasanta, hanyarmu akwai kwata."

Na wuce wajen motar, na buɗe baya na durƙusa a kan kwalta.

"Ina kwana, Hajiya."

"Ahlan, ya binti. Shigo mana, shigo kusa da ni."

Ta kama hannuna ta riƙe a cinyarta. Hannun nata sanyi ƙalau, da ƙanshin turaren wuta. Yaya Suhaibu ya dube mu ta madubi, idonsa ya cika da ƙwalla, ya yi sauri ya tada mota.

Ban taɓa sanin duniya tana da faɗi haka ba. Hanya ta riƙa naɗewa a jikin dutse tana hawa, kunnuwana suka toshe, birai zaune a gefen titi suna jiran a jefa musu ayaba. Da muka wuce Ɗa'ifa muka yi tafiya mai nisa, sannan ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar burji. Gidaje suka ƙare. Turakun lantarki suka ƙare. Sai fili kawai, da baƙaƙen tsakuwa, da wata gajeriyar ciyawa mai ƙaya da iska ta kwantar gefe guda. Wani farin abu kamar hayaƙi yana yawo a ƙasa-ƙasa. Na tambayi Hajiya a hankali ko wuta ake yi.

Ta yi dariya. "Girgije ne, miskina. Mun hau sama da shi."

Can sai ga su.

Duwatsu ne baƙaƙe, dogaye, sirara, a tsaye a tsakiyar filin da babu kowa. Wasu huɗu-huɗu, wasu biyar, wasu sun karkata kamar masu gyangyaɗi, wasu sun faɗi sun karye. Mafi tsawonsu ya ninka Yaya Suhaibu sau biyu. Da na fito daga mota iska ta daki ƙirjina, na ji sanyin da ban taɓa ji ba a Makka, ko da a tsakiyar hunturu.

"Lokacin da muke ja wa kamfaninmu waya ta nan na gano su," in ji shi, yana tafiya da baya yana kallona. "Tun ranar na ce sai na kawo ki. Zo ki taɓa."

Na taɓa. Dutsen yana da kaushi, da danshi, kuma akwai wasu zane-zane a jikinsa da suka kusa gogewa.

"Wa ya kafa su?"

"Allah kaɗai ya sani. Wani makiyayi ya ce min kakan kakansa ma haka ya tarar da su. Mutanen farko ne, tun kafin a san rubutu. Ki duba, ba mota, ba inji, suka jawo wannan ƙaton suka tsayar."

"Don me?"

"Wataƙila wani ne ya yi wa budurwarsa don ta yarda."

"Kai, Yaya Suhaibu." Na rufe fuska duk da niƙabin da ke kanta.

"Ni ma in kin ce in ɗauko ɗaya in kai Nakkasa, sai in gwada."

Ina cikin dariya na ji ƙarar wata mota. Fara ce babba, ta zo ta tsaya kusa da tamu. Kawu Hassan, ƙanin Hajiya, ya fito da matarsa. Sai ƙofar baya ta buɗe, wata doguwar yarinya ta sauko tana gyara gyale.

Nuriyya ce.

Dariyata ta katse. Yaya Suhaibu ma murmushinsa ya ɗauke, ya nufi mahaifiyarsa da sauri.

"Ummi, me Nuriyya take yi a nan?"

"Ya waladi, kwantar da hankalinka. Ɗa'ifa za ta wuce da kawunka, ta ƙarasa hutu a can. Abinci kawai za mu ci tare. Yalla, ku je ku hura gawayi, iska ta yi yawa a nan, ku koma bayan motoci."

Ya saki ajiyar zuciya ya ɗaga min hannu alamar ba komai. Na gaida Nuriyya. Ta amsa ba ta dube ni ba, ita da a da take rungume ni tana kirana da habibti.

Hajiya ta rataya jakarta.

"Larai, zo ki raka ni in ga waɗancan na can."

Muka yi ta tafiya har muryoyinsu suka ɓace. Ta zagaya bayan wasu duwatsu huɗu da suka tsaya kusa da juna, inda ba a hango mu daga motoci. Ta zauna a kan wanda ya faɗi. Ni na durƙusa a ƙasa.

"Ɗaga niƙabin in ga fuskarki."

Na ɗaga.

"Kina da kyau, ban taɓa musu ba. Kina da kunya, kina da hannu. Da a ce kina da takarda, ko ta Chadi ce, da tuni an wuce wurin." Ta gyara zama. "Kin iya lissafi?"

"Kaɗan, Hajiya."

"Sunan mata nawa ne a katina?"

"Biyu."

"Mu nawa ne yanzu?"

"Amma kin ce Nuriyya Ɗa'ifa za ta wuce."

"Idan na ce ta wuce, za ta wuce. Idan na ce ta shiga motar yayanta, za ta shiga. Kawunta kuwa ya riga ya rantse ba zai ɗauki marar igama a motarsa ba, ko nan da can."

Na dube ta, na dubi filin. Ko tsuntsu babu. Sai iska da ke shiga tsakanin duwatsun tana wani irin kuka.

"Hajiya, me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba, ya binti. Shi ya sa nake miki magana a zaune. Saurara da kyau, ba zan maimaita ba. Yau za ki gaya wa Suhaibu ba kya sonsa. Ba cewa za ki yi an hana ki ba, ko kina tsoro, don na san ɗana, zai ce zai jira shekara goma. Cewa za ki yi akwai wanda kike so. Na ji labarin wani mai gyaran firji a unguwarku."

"Yari? Wallahi Hajiya ban taɓa tsayawa da shi ba."

"Ban tambaye ki ba. Sunansa nake so ki faɗa."

Hawaye suka ɓalle min. Na kama ƙafarta, ta janye.

"Don Allah, don Annabi, Hajiya. Ki ce in jira, zan jira. Ki ce in zo in yi miki wanke-wanke da shara har ƙarshen raina, zan yi. Kada ki sa in yi masa ƙarya. Shi kaɗai ne ya taɓa kallona kamar mutum."

"Idan kin ƙi, ga yadda za a yi. Nuriyya za ta shiga mota. Ke ma Suhaibu zai saka ki, na san ba zai bar ki a jeji ba. Mu isa shinge mata uku. Ko askar, sojan da ke shingen, bai ƙirga ba, ni zan sauke gilashi in ce masa wannan ba tamu ba ce."

"Za su kama shi ai! Wanda ya ɗauko marar takarda ɗaure shi ake yi, a karɓe motar, aikinsa ma ya tafi."

"Na sani."

"Ɗanki ne fa, Hajiya."

"Gara ya yi wata shida a ɗaure ya fito yana ɗana, da ya yi shekara arba'in yana ɓoye mata da 'ya'ya a saman dutse." Muryarta ba ta ɗaga ba ko kaɗan. "Ke kuwa za su saka ki a jirgi zuwa Najeriya. Wa kika sani a can?"

Na girgiza kai.

"Sunan garin ubanki ma kin sani?"

"Inna ta ce wajen Haɗeja ne."

"Wajen Haɗeja." Ta yi ɗan murmushi. "To ita Hure wa zai hawo mata da ruwa gobe? Wa zai kai ta bayi? Kwana nawa kike jin za ta yi?"

Na kifa goshina a kan tsakuwa ina kuka, har ƙasa ta shiga bakina. Ta bar ni na yi mai isata. Da ta sake magana, a hankali ta yi ta.

"Kina ganin ni muguwa ce. Kakan Suhaibu da ƙafa ya zo ƙasar nan, shekara bakwai a hanya, ya binne 'ya'ya biyu a Sudan. Ya yi dako, ya kwashi shara, an kira shi takari an tofa masa yawu, kafin ya samo mana katin nan da ke jakata. Ni na san abin da aka sha. Auren da hukuma ba za ta rubuta ba, 'ya'yan cikinsa ba makaranta, ba asibiti, da sun ji jiniya su ruga bayan tanki. Ki mai da mu inda muka fito? La wallah. Ba a kan jikokina ba."

"Ya ce zai nemi izini. Ya ce akwai hanya."

"Shekararsa ashirin da shida, komai a wurinsa akwai hanya." Ta buɗe jaka ta fito da ƙaramin Alƙur'ani a cikin koren ƙyalle. "Kina da alwala?"

Da sai in ce babu. Amma tun daga gida na riƙe alwalata, don ina ta yi mata addu'a a mota, ina gode wa Allah da ya juyo da zuciyarta.

"Ina da ita."

"Ɗora hannunki. Ki ce za ki faɗa masa yau, kuma maganar da muka yi a nan ba za ta fita daga bakinki ba, ba gare shi ba, ba ga Hure ba, har ki mutu."

Na dubi hannuna. Lallen Sallah yana nan jajir a kansa. Na tuna Inna tana jingine da bango tana sauraron takun duk wanda ya hawo matakala.

Na ɗora. Na faɗa.

Ta mayar da Alƙur'anin, ta ciro kwalbar ruwa ta miƙo min.

"Wanke fuskarki. Ki zauna nan, zan turo shi."

Ba a daɗe ba na ji takunsa, kusan da gudu yake zuwa. Na yi maza na sauke niƙabi. Ya zo riƙe da tsire a cikin takarda, fuskarsa duk toka.

"Ummi ta ce kina da magana da ni. Ta ce komai ya daidaita. Larai, da gaske ne? Ungo, na farko ne, na ƙona shi kaɗan, kada ki gaya wa Kawu."

Ban karɓa ba.

"Yaya Suhaibu, ka yi haƙuri."

"Da me?"

"Ba zan iya aurenka ba."

Ya yi dariya. Da ya ga ban motsa ba, dariyar ta tsaya.

"Me ta ce miki?"

"Ba ta ce komai ba. Ta ce ta yarda. Shi ya sa na ga gara in faɗi gaskiya tun ba a yi nisa ba."

"Wace gaskiya?"

"Akwai wanda nake so."

Ya tsuguna a gabana yana neman idona ta cikin niƙabin. Na kawar da kai na kafa ido a jikin dutsen.

"Larai, dube ni. Ke da ko sunana ba kya iya faɗa sai kin rufe fuska. Wane ne?"

"Yari."

"Yari mai firji?" Ya sake dariya, amma wannan karon ba daɗin ji. "Wanda kika ce warin gas ɗinsa yana sa ki ciwon kai?"

"Don kada ka gane ne."

"Ƙarya kike yi. Wani abu aka yi miki. Bari in je in tambaye ta."

Ya miƙe. Idan ya je, na san ƙarshen zancen. Zai ɗaga murya, ita kuma ta kira Nuriyya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Tambayar me za ka yi? Ka zaci kai nake so? Takardarka nake so. Na ce ko ta dalilinka zan samu igama in kai Inna asibiti. Yanzu na gane ko ka aure ni ba za ta samu ba, to me zan zauna yi? Shi Yari aƙalla namu ne. Ba ya hawowa dutsenmu yana toshe hanci."

"Ni na taɓa toshe hanci?"

Bai taɓa ba. Ranar da ruwan sama ya rushe mana bango, shi ya yi ta ɗaukar bulo a kafaɗa yana hawa matakala casa'in da uku, farar rigarsa ta koma ja.

"A zuciyarka kana yi," na ce.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Takardar tsiren ta suɓuce ta faɗi.

"Wata takwas, Larai. Wata takwas ban ci abinci a kwano ɗaya da mahaifiyata ba saboda ke. Na ce mata ke ba irin waɗanda take tunani ba ce. Ta ce min wata rana da bakinki za ki faɗa." Ya goge ido da bayan hannu, tokar ta shafe masa fuska. "Ki ce wallahi."

Na sunkuyar da kai.

"Ki ce wallahi Yari kike so, in rabu da ke."

Na riga na yi rantsuwa ɗaya a ranar, ba zan iya ƙara ta ƙarya a kanta ba. Na tashi na kaɗe abayata.

"Ba sai na rantse maka ba. Kai ba mijina ba ne. Ka mai da ni gida kawai."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ya tafi, ba da sauri ba, yana tuntuɓe da duwatsu kamar wanda bai ga hanya.

Ba wanda ya ci naman kirki. Matar Kawu ta zuba min gahawa, na riƙe kofin har ya huce. Nuriyya ta zo wucewa ta bayana, ta ɗan taɓa kafaɗata, ta raɗa, "Samhini," wato in yafe mata. Kafin in juyo ta shige motar kawunta ta ja ƙofa.

Muka kamo hanya bayan azahar. Hajiya ta koma gaba kusa da ɗanta, ni kaɗai a baya. Sau ɗaya ta miƙa hannu ta shafa ƙeyarsa, bai ture ba. Bai sake duba madubi ba har muka gangaro, zafin Makka ya dawo ya rufe mu.

A shinge motoci sun yi layi. A gefen titi akwai wata doguwar mota mai raga a tagogi, mutane a ciki, wata mata baƙa kamar ni ta manna goshinta a ragar. Na ƙara jan niƙabina.

Askar ya leƙo. Yaya Suhaibu ya miƙa katinsa, Hajiya ta miƙa nata. Ya duba katin, ya dubi Hajiya, ya dube ni. Hajiya ta juyo ta kalle ni ita ma, ta ɗan jima, don in san har yanzu a hannunta nake. Sannan ta ce masa da Larabci, "Ni da 'yata."

Ya mayar da katin ya buga rufin motar. Muka wuce.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya tsaya a gindin Nakkasa. Na buɗe ƙofa.

"Na gode, Hajiya."

"Ki riƙe abayar," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Ki gaida Hure."

Na tsaya kaɗan ko zai ce wani abu. Hannayensa biyu suna kan sitiyari, idonsa a gaba. Na rufe ƙofar na kama matakala.

Na yi hawa kamar ashirin na ji an buɗe mota an rufe da ƙarfi. Na waiwaya. Ya fito, Hajiya tana kiransa ta taga, "Suhaib! Ta'al hina!" Bai saurare ta ba. Ya tsallaka kwata ya nufi shagon Yari.

Na dafe bango. Ashe bai gama yarda ba. Ni na rantse ba zan faɗa ba, amma Yari bai rantse wa kowa ba. Yari ya san sau biyu na mayar da manyansa. Zai ce masa, wace Larai, yarinyar da ko gaisuwata ba ta amsawa? Shi ke nan, ba da bakina ba. Na shiga karanto duk addu'ar da na iya.

Yari yana tsugune a bayan wani tsohon firji. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Daga inda nake ba na jin abin da suke faɗa. Na ga Yaya Suhaibu yana magana, yana nuna saman dutse. Na ga Yari ya daina goge hannun. Ya buɗe baki, ya rufe.

Sai ya ɗago kai ya hango ni a kan matakala.

Na ɗaga niƙabina a gaban duk mutanen layin, abin da ban taɓa yi ba, don ya ga fuskata. Na girgiza masa kai. Na haɗa hannayena biyu ina roƙonsa ya faɗi gaskiya.

Ya gani. Na san ya gani, don ya daɗe yana kallona.

Sannan ya juya wajen Yaya Suhaibu, ya sunkuyar da kai yana murmushi irin na wanda aka tona asirinsa, ya dafa ƙirji, ya gyaɗa kai sau biyu. Ya miƙa masa hannu.

Yaya Suhaibu ya dubi hannun. Ya karɓa.

Ya koma mota bai ɗago kai ba. Ina tsaye har suka sha kwana. Yari ya fito bakin shago, ya jefar da tsumman, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Larai! Ki ce wa Inna jibi manyana suna tafe!"